Lambar kwastoma ba ta talla bace

Toh naga saƙonka, wai kana so ka kwashe duk lambobin da ke cikin littafin awo ka zuba su a guruf ɗaya na WhatsApp ka dinga tura hotunan ɗinki kafin sallah, kana tambaya ko hakan takura ne. Eh takura ne yarona, kar ka soma.

Wanda ya baka lambarsa ya baka ne don ka kira shi in kaftaninsa ya fito ko in shaddar bata isa ba, bai ce ka dinga damunsa da tallan hula ba. Abin da ake cewa sifam kenan, saƙon da mutum bai nema ba aka watsa wa jama'a lokaci guda, ko da kayan naka sun fi na kowa kyau a Zariya. Wanda wayarsa tayi ƙara shi zai ce an dame shi ko ba a dame shi ba.

Guruf ɗin ma shi yafi tsaya min a rai, don duk wanda ke ciki yana ganin lambar kowa. A littafin nan akwai matan aure na cikin birni da suke aiko ɗinkin yaransu, akwai ɗalibai mata na Kongo da Samaru, akwai dattawa, ka haɗa su da samarin Tudun Wada wuri guda, gobe wani ya tsinci lambar matar mutum ya fara mata sallama cikin dare, mijin ba yaron zai nema ba, shagon nan zai zo da wayar a hannu yana huci kuma ni zai tambaya ba kai ba. Banda haka kafin ka ankara wannan ya turo siyasa, wancan ya turo "tura wa mutum goma", ɗinkin ya ɓace a ciki.

In dole sai ka tura akwai burodkas, mutum 256 yake ɗauka, kowa saƙon shi kaɗai zai shigo masa, kuma baya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Amma ka tambaya tukuna. Ranar karɓar kaya kace Alhaji in munyi sabon aiki in turo maka ka gani? In yace eh ka sa alama gefen sunansa a littafi. In yace "to bari dai mu gani", a'a ya faɗa maka cikin kara, ai ka san mutanenmu.

Sau ɗaya a sati ya isa, da sallama da sunan shago, hoto biyu ko uku, data da kuɗi mutane ke saya. Banda bayan isha'i. Wanda yace ka daina ka cire shi nan take, ba sai ka bi shi da "me nayi maka" ba.

Kuma in mutane suka yi ta bulokin ɗinka suna kai ƙara WhatsApp na iya rufe layin gaba ɗaya, layin shago ne fa, hirar ciniki da hotunan samfur duk suna ciki. Ko tes na talla ma tun 2016 hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta fito da lambar 2442, ka tura mata STOP masu tallan su daina damunka, sannan a 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, lambar waya tana ciki. Masu yawo suna sayar da lambobi dubu-dubu kar ka ko saurare su wlh.

Yanzu dai ka fara da sitetus, awa 24 yake yi ya goge, wanda ya ga dama ya duba. Babbar rigar nan mai aska takwas da muka gama, ka ɗauke ta hoto da safe a bakin ƙofa inda haske yake, amma ka fara kiran mai ita ka ji ko ya yarda.