Kafin ka ɗaga 4Runner ɗinka, duba ƙafarta

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce kawunka ya bar maka Toyota 4Runner ƙirar 1999, kana karatu a Zariya, kuma kana son ka ɗaga ta inci 3 ka sa mata manyan tayoyi saboda hanyar ƙauyenku da ke lalacewa da damina, alhali kuɗin da ke hannunka ɗan abin da ka tara ne daga kuɗin kashewa. Na riƙe irin wannan mota shekara 6, na kuma fara taɓa ta tun ina ɗalibi, don haka shawarata ita ce ɗagawar ta zama abu na ƙarshe da za ka kashe wa kuɗi.

Dalili na farko shi ne abin da masu sayar da kayan ɗagawa ba sa faɗa. Idan ka leƙa ƙarƙashin motar daga baya za ka ga aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, da kumburin nan na tsakiyarsa inda haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyi suke. Wannan kumburi shi ne ke fara noma ƙasa idan ka shiga sawun da tifa ko tarakta ta haƙa a laka, kuma ko ka ɗaga bodi inci 10 ba zai motsa daga inda yake ba, domin a kan tayoyi yake zaune. Tsayin taya ne kaɗai ke ɗaga shi, shi ma rabin abin da tayar ta ƙaru ne kake samu. Yawancin waɗannan motoci suna zuwa da taya mai lamba 265/70R16. Idan ka koma 265/75R16 za ka samu ƙarin kusan milimita 13, kuma galibi tana shiga ba tare da an ɗaga komai ba. Ita 285/75R16 da samari ke kwaɗayi tana ba da kusan milimita 28, amma tana gogar bodi idan an karya kan mota, tana da nauyi, tana rage wa birki ƙarfi, tana sa agogon gudu ya nuna ƙasa da gaskiya da kusan kashi 7 cikin 100, sannan tana ƙara shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, injin V6 mai lita 3.4 ya ishi aljihun ɗalibi wahala ko da ba a ƙara masa nauyi ba.

Inda nake son kuɗinka ya fara zuwa shi ne ƙafar gaba, musamman bol-join na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe tayar gaba daga ƙasa. A wannan ƙirar, wadda aka yi daga 1996 zuwa 2002, nauyin mota yana jan sa ne kamar zai zare shi, don haka idan ya cinye yakan rabu gaba ɗaya, wani lokaci ba tare da ya yi wani ƙara mai yawa ba. Ni ya taɓa faruwa da ni. Na sayi mai araha a wani shago, an ce mini na asali ne, bai cika wata 5 ba. Wata safiya ina juyawa a hankali a bakin kasuwar ƙauye sai na ji gaban motar ya faɗi, na fito na tarar tayar hagu ta kwanta a cikin bodi, shaf ɗin da ke juya tayar ya zare, mai yana ɗiga a kan yashi. Da a kan babban titi ne ina gudu, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Ka sayi na asali guda biyu da sababbin kusoshinsu, ko da hakan zai cinye rabin abin da ka tara. Bayan su sai tayarod da bushin da robar shaf.

Haka kuma, idan motarka mai giyar otomatik ce, ka sani cewa man giya yana bi ta cikin lagireto domin ya huce, kuma idan lagireton ya tsufa bututun na iya fashewa ruwa ya gauraya da man. Ka zaro sandar duba man giya. Idan ka ga ya koma kamar madara mai ruwan hoda, kada ka ƙara tayar da ita. Canza lagireto ya fi sayen wata giyar mota sauƙi nesa ba kusa ba. Ka tambayi kawu yaushe aka canza belin taimin, sannan ka sa a ƙwanƙwasa shasi da guduma, domin da yawa daga cikin waɗannan motoci daga Amurka aka shigo da su, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsa daga ciki take ci.

Game da tayoyi, na san 'yan gwanjo za ka nema, ban kuma ga laifinka ba. Sai dai ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen tayar: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara 6 ka bar ta ko da zanenta bai ci ba, domin zafin kwalta a watan Afrilu ba ya raga wa tsohuwar roba. Duka huɗun su zama girma ɗaya, har da safaya. Ka haɗa da ƙaramin famfon iska mai aiki da batir, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi. Rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin mai faci ya fitar da ni daga yashin rafi fiye da duk wani ƙarfe da na taɓa ɗaura wa motar, muddin dai ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

Idan bayan duk wannan akwai saura, to ka ɗaga, amma kada ka wuce inci 2. Gaban motar shaf biyu ne masu gaɓa, kuma da zarar ka kai inci 3 sai su karkace sosai, robarsu ta riƙa yagewa, giris ya watse, alaimen ya ƙi zama. Sifirin na baya a irin shekarun nan yawanci sun riga sun kwanta, don haka sababbi tare da shok masu kyau kan mayar da inci guda ko fiye da motar ta rasa. Kada ka yarda mai walda ya yanka ƙarfe ya cusa maka a matsayin ƙari, kuma ka tuna cewa mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, balle idan an ɗora buhuna a sama. Ranar da aka gama aikin a yi alaimen, a gyara saitin fitilun gaba, sannan bayan mako guda ka koma wurin bakanike ya sake ɗaure duk kusoshin ƙafar motar.