Moodle ko wata manhaja ta saye?

Malam, ka tambaya ko sashenku a jami'ar Tawa ya sayi manhajar koyarwa ko kuwa ya ɗauki ta kyauta. Ni dai shawarata ku ɗauki Moodle, manhajar koyarwa ta kyauta.

Wani ɗan Ostiraliya, Martin Dougiamas, ya fitar da ita a 2002. Da harshen kwamfuta na PHP aka rubuta ta, kuma lasisinta na GPL ya ba kowa izinin buɗe cikinta, ya gyara, ya ƙara abin da yake so. Tana da Faransanci, don haka malamai ba za su sha wahala ba. Akwai Chamilo ma, ta fi sauƙi, amma Moodle ta fi yawan masu taimako.

Abin da ya fi ja mini hankali shi ne manhajarta ta waya. Na ga wata ɗaliba a Yamai ta sauke darasi da dare lokacin da intanet ke da ƙarfi, washegari tana karantawa a inuwar dogon yaro ba tare da ta kashe ko dala ba. Ga yaranmu masu ƙirga kuɗin data, wannan babban abu ne.

Sai dai kar kalmar kyauta ta ruɗe ku. Kuna buƙatar uwar kwamfuta, wato babbar kwamfutar da za a ɗora manhajar a kanta, a ɗaki mai sanyi, batir ko sola saboda ɗaukewar wuta, da mutum guda da zai riƙa adana kwafin bayanai kullum. Ku horar da ɗalibanku biyu ko uku na fannin kwamfuta su riƙe ta, ku fara da aji ɗaya a wannan zangon.