Tambayoyinku Kan Fasaha: VPN Ya Haɗu, Amma Reshe Ba Ya Ganin Babban Shago

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna sayar da taki a Tsohuwar Kasuwa, kuma muna da reshe a Illela. Yaron da ke kula mana da kwamfutoci ya haɗa wuraren biyu da WireGuard, manhajar VPN mai buɗe keɓantacciyar hanya tsakanin wurare biyu ta intanet, yana nuna sun gaisa, amma kwamfutar Illela ta kasa buɗe manhajar lissafin da ke Sakkwato. Rautocin, wato na'urorin da ke raba intanet, duka MikroTik ne, a rana ɗaya muka saye su.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Jimlarka ta ƙarshe ita ta tona asirin yaron naka. Rautar MikroTik tana fitowa daga kamfani da adireshin 192.168.88.1, kamar yadda yawancin na Huawei ke zuwa da 192.168.8.1, kuma ina da yaƙinin an ciro taku biyun daga kwali an jona wuta ba tare da an taɓa wannan lamba ba. Ke nan shagon Sakkwato da reshen Illela suna amsa suna ɗaya.

Ka ɗauka ka aiki ɗan kabu-kabu a Illela ya kai saƙo gida mai lamba 20 a Layin Masallaci, kana nufin na Sakkwato, alhali a garinsu ma akwai layi mai wannan suna. Ba zai je tasha ba, zai yi ta zagaye unguwarsu yana neman gidan. Haka kwamfutar Illela take yi: idan aka ce ta nemo 192.168.88.20, sai ta ga lambar ta gida ce, ba ta ma miƙa saƙon ga rauta ba, balle ya shiga VPN. Gaisuwar da WireGuard yake nunawa shaida ce kawai cewa makullai sun dace kuma hanya a buɗe take.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kusan kowane mako sai irin wannan wasiƙa ta zo, kuma galibi mai ita ya riga ya sauya layin waya, ya sayi sabuwar rauta, ya zargi kamfanin sadarwa, alhali gyaran bai kai minti goma ba. A mayar da Illela 192.168.20.0/24, Sakkwato kuma 192.168.10.0/24, sannan a gyara AllowedIPs, wato jerin adireshin da WireGuard ke bari su bi ta cikinsa, ta yadda kowane ɓangare zai ɗauki lambar ɗan'uwansa, a tabbatar akwai hanyar da ke tura saƙo can. A kashe na'urori a kunna domin su karɓi sababbin adireshi, kada a manta da firinta da kyamarorin da aka ba lamba da hannu. Wasu za su ce a rufe matsalar da dabarar NAT, wato sauya adireshin saƙo a hanya, ni ban yarda da wannan ba, domin ranar da aka buɗe reshe na uku a Tambuwal babu wanda zai tuna yadda aka ƙulla ta. Al'adata ita ce in rubuta lambar kowane wuri a takarda in manna a jikin rautar, kuma ina so yaronka ya koyi haka. Idan bayan duk wannan manhajar ta ƙi buɗuwa, a duba katangar tsaron Windows, wadda a asalinta ba ta buɗe rabon fayil sai ga kwamfutocin gida.

TAMBAYA: Makarantarmu a Arkilla tana kan Starlink, ɗaya harabar a Wamakko tana amfani da layin waya. Ko gaisawa ba sa yi.

AMSA: Malama, ki duba adireshin da rauta ta samu daga waje. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, kina bayan CGNAT ne, wato kuna raba adireshi ɗaya da mutane da yawa kuma babu mai iya ƙwanƙwasa muku ƙofa daga waje. Dole ɓangare ɗaya ya mallaki adireshin fili, wanda ake iya kira daga ko'ina a intanet, ko ku yi hayar ƙaramar kwamfutar saba (server) a intanet da kowa zai kira, ko ku koma Tailscale, manhajar VPN da ke iya ƙetare wannan shinge. Ki sa PersistentKeepalive na WireGuard a 25, domin ya riƙa aika ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 kada hanyar ta rufe.

TAMBAYA: Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, VPN ɗinmu na Mabera ba ya tashi sai an sake kunna na babban ofis.

AMSA: Agogon rautarka ne ke komawa baya, shi kuwa WireGuard yana ƙin gaisuwar da lokacinta ya girmi wadda ya karɓa a baya. Ka kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, sannan ka ɗora rautar a kan inbata maimakon talabijin ɗin ofis.

TAMBAYA: Ping, ɗan saƙon gwada hanya, yana tafiya lafiya, amma manyan fayiloli suna maƙalewa a hanya.

AMSA: MTU ne, wato iyakar girman ƙunshin saƙon da hanya ke ɗauka. Ka sauke shi daga 1420 zuwa 1280 a ɓangarorin biyu, idan ya yi aiki ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan har ka ga inda yake tsayawa.

TAMBAYA: Wani ya ce mu yi amfani da PPTP, wani tsohon tsarin VPN, saboda ya fi sauƙin saitawa.

AMSA: A'a. An daɗe da fasa tsaronsa, kuma Apple ya cire shi daga iPhone tun 2016. Idan rautarku ba ta da WireGuard, ku yi amfani da IPsec, wani tsarin VPN na daban, ku buɗe ƙofofin UDP 500 da 4500.