Amsa ga Alhajin da ke son saya wa ɗansa motar gudu don ya gama jami'a

Assalamu alaikum Alhaji. Ina taya ka murna, Allah ya sa wa karatun yaron nan albarka, ya sa ya amfani kansa da iyayensa. Ka ce ya kammala mastarsa a Jami'ar Abdou Moumouni, shekararsa 24, ka ware masa miliyan 15 na sefa, shi kuma ransa ya rabu uku tsakanin BMW Série 3 da Mercedes C300 da Range Rover Evoque, kana son a faɗa maka wadda ta fi. Ka kuma ce kuna zuwa Tawa kowace salla, da shi za a riƙa tafiya.

Na ga wasu ƴan uwa sun ce kada ka saya masa komai, wai almubazzaranci ne. Ni ba na tare da su. Yaron da ya yi shekaru yana tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda cikin rana da ƙura, ya jure yajin aiki da shekarar karatu mai shiga cikin wata shekarar, har ya kawo maka takarda gida, ya cancanci a faranta masa rai. Sai dai na daɗe cikin harkar shigo da motoci da gyaransu a nan Yamai, kuma abin da nake son ka riƙe shi ne: ka saya masa motar da zai iya ɗaukar nauyinta da aljihunsa, ba wadda za ta riƙa mayar da shi ƙofar shagonka kowane ƙarshen wata ba.

Kai mutumin Adar ne, ka san sha'anin doki. Kuɗin sayensa sau ɗaya ake biya, amma dawa da harawa kullum ne. To bari mu yi lissafin harawar. Litar esansi da aka saukar zuwa sefa 499 a watan Yulin 2024, mu ɗauka a nan take. Mota mai ƙarfi irin waɗannan, cikin gari, ga cunkoso ga sanyaya ɗaki a kunne tun safe, takan sha lita 13 zuwa 15 a kilomita 100. Saurayi da sabuwar mota ba ya zama, yau fada gobe biki, ka ce ya yi kilomita 1000 a wata. Ka ga jikka saba'in ta tafi a mai kaɗai. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne. Yaron da zai fara da neman sitaj ko hidimar ƙasa, daga ina zai fitar da wannan? Ba a ma zo maganar inshora da binyet da juyen baƙin mai ba, kuma waɗannan injina ba sa karɓar baƙin man da ake aunawa a gwangwani, nasu na musamman ne mai tsada, ga shi ƙurarmu ta sa dole a riƙa juyewa da canza matatar iska tun kafin lokacin da littafin motar ya faɗa. Yau da gobe sai ka ga abin ya koma "Baba, mota ta tsaya," kai kana ganin ba ya tattali, shi yana ganin ka ɗora masa kaya. Na ga kyautar da aka yi don a ji daɗi ta zama sanadin da uba da ɗa ba sa haɗa ido a tsakar gida, kuma abin yana ci mini rai.

Sai maganar ƙasa. BMW Série 3 da C300 motoci ne masu kwanciya, tsakanin cikinsu da ƙasa bai wuce santimita 14 ba ko kusa da haka, alhali Prado ta haura 20. An ƙera su ne don titin Jamus mai santsi. In gidanku na bakin kwalta a Plateau, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce manyan tituna ba, da sauƙi. Amma ya gwada kai aboki cikin lungunan Talladje ko Lazaret ko Koira Tegui, inda rairayi ke kai wa idon sawu, zai ji cikin motar yana gurzar ƙasa, kuma da yake yawancinsu ƙafafun baya ke ja, nan take sai su haƙa rami su zauna. Tayoyinsu kuma sirara ne, robar gefen ba ta da tsawo. Rami ɗaya da gudu ya isa ya fito wa taya da ƙulli a gefe kamar ƙwai, ko ya lanƙwasa ƙarfen tayar. Yawancin Série 3 na 2012 zuwa sama ba su ma zuwa da tayar ajiya, an sa musu irin tayar nan da ke iya ƙara tafiyar kilomita 80 bayan ta sace. Daga Yamai zuwa Tawa kusan kilomita 550 ne. Idan ta sace tsakanin Dogon Dutse da Ƙonni, mai facin da ke bakin hanya ba shi da irinta, kuma ba lallai kayan aikinsa su iya cire ta ba tare da an ɓata ƙarfen ba.

Damana ta fi ba ni tsoro. Kowa ya ga abin da ruwan 2024 ya yi, har hanyar Dosso ya yanke wajen Sorey. Amma ba sai an kai can ba, ruwan sa'a ɗaya ya isa ya mayar da wasu titunan Yamai tafki. An taɓa jawo mana wata motar Turai gareji, ta wani matashi da ya ga tasi ta ratsa ruwa ya bi bayanta. Bakin da injin ke shaƙar iska yana ƙasa-ƙasa, sai ya zuƙi ruwa. Da muka kwance fulogi muka juya injin, ruwa ja mai laka ne ya yi tsartuwa daga cikin silinda, da aka buɗe ƙasa kuma sai ga sandar fistin ɗaya ta lanƙwashe. Fistin yana iya matse iska da mai, amma ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarfe ya ba da kai. Yaron yana tsaye da makulli a hannu yana tambaya ko za ta tashi kafin la'asar. Injin sukutum aka nema.

Ga zafi kuma. A Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura 42, injin mai turbo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, yana dafuwa ne a cikin cunkoson Wadata ko na bakin Babbar Kasuwa. Motocin Turai na zamanin nan an cika musu hanyar ruwan sanyaya inji da robobi, wasu ma famfon ruwansu na lantarki ne. Roba kuwa in ta sha zafi shekara da shekaru sai ta bushe ta tsage, kuma motar da za ka samu a kuɗin nan ta riga ta yi shekarunta a wata ƙasa. Kamfanonin sun kuma nemi a ba su esansi mai daraja ta sama. Mai na gidan mai da sauƙi, amma ranar da aka yi ƙarancinsa kamar yadda muka gani a watan Maris na 2025, ko ranar da ya ƙare masa a hanya ya sayi ruwa-ruwa na kwalba, allurar feshin man irin waɗannan injina ba ta yafe datti.

To a cikin ukun da ya zaɓa, in dole sai ɗaya, C300 zan ce, don Mercedes ta daɗe a ƙasar nan, akwai makanikan da suka tsufa a kanta, kuma Najeriya cike take da kayanta, ana iya aiko da su daga Kano ko Sakkwato ta Ƙonni. Ni na fi natsuwa da ta kafin 2015, mai silinda shida ba turbo. BMW daɗin tuƙinta ba a magana, amma tana son wanda ya riga ya tsaya da ƙafafunsa, yana da bakanike mai kwamfutar duba ta, yana kuma da wata motar da zai hau ranar da take gareji. Evoque ta fi su tsayi, wannan gaskiya ne, sai dai lantarkinta da giyarta suna da sarƙaƙiya, masu gyaranta a nan kaɗan ne, kayanta kuma ba irin wanda za ka shiga Katako ko wajen ƴan gwangwan ka fito da shi ba ne. Kada ka manta, tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanville bayan Yulin 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina cikin ayari. Ƙarfen da bai fi tafin hannu ba yana iya ajiye mota a ƙarƙashin bishiya wata guda.

Da ɗana ne, Toyota Camry SE zan nuna masa, ta 2018 zuwa sama in kuɗin sun kai, mai inji 2.5 silinda huɗu. Fuskarta na da faɗa, kujerunta na da kyau, in ya faka ta a fada ba wanda zai raina shi, ba ta shan mai kamar waɗancan, kuma duk garin da ta tsaya tsakanin nan da Tawa akwai wanda ya san cikinta. Idan suna yake so, to Lexus. Toyota ce ta kafa ta a 1989 don manyan motocinta, shi ya sa injin 3.5 da ke cikin ES 350 da RX 350 dangin wanda ke cikin Camry mai silinda shida da Highlander ne, kayansa ba sa wuya. IS 250 ita ce ta fi kama da abin da ransa ke so, ƙarama ce mai kyan tsayuwa, sai dai ita ma a kwance take, ta cikin gari ce. Don hanyar Tawa da kaya da ƙanne a baya, RX 350 ko RAV4 sun fi.

Ko wacce ka tsayar, kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka ido. Da yawa daga cikin motocin Amurka da ke isowa nan daga gwanjon kamfanonin inshora aka sayo su, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, aka gyara a hanya. Ka sa a karanto lambar jikinta, mai haruffa da alƙaluma 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. Da ita ake duba tarihin motar a intanet, sau da yawa har hotunanta na ranar gwanjo za ka gani. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai shatin ruwa, ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, ka leƙa ƙarafan da kujera ke gudu a kansu ko sun yi tsatsa. In an murɗa makulli, fitilar jakar iska ta kariya ya kamata ta kama sannan ta mutu bayan ƴan daƙiƙu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne don a ɓoye cewa jakar ta riga ta fashe ba a mayar ba. Awon tafiyarsu kuma da mil yake, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka tafi da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, a kuma tabbatar takardun duwan na gaskiya ne kafin kuɗi su bar hannunka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta duk wannan, Alhaji. C300 da BMW 328i ƙarfinsu ya kai doki 240 ko kusa, suna kaiwa gudun 100 cikin daƙiƙa shida zuwa bakwai. Corolla da yawancin yaranmu ke koyon tuƙi da ita ba ta wuce doki 140 ba. Irin waɗannan motoci ba sa girgiza, ba sa ƙara, mutum yana 140 yana jin kamar 80 yake. A gudun 120, mota na cin mita 33 kowace daƙiƙa, kafin ƙafa ta tashi daga totur ta sauka kan birki an wuce tsawon gida biyu. Kuma in gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ƙaruwa. Ka tuna hanyar Dosso da magariba: amalanken jaki ba fitila, shanu na tsallakawa, babbar mota ta lalace an jera ganye a bayanta, yara na dawowa daga gona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne ya fi komai kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya, mu kuma da ake jawo wa ragowar motocin gareji muna ganin abin da idonmu. Ajali na Allah ne, ba musu, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ɗan shekara 24 ga abokai a baya suna zuga shi, ɗaya na ɗaukar allon gudu da waya, ko mai hankali ne sai ya taka. Don haka ka tabbatar permi ɗinsa na makarantar tuƙi ne da ya zauna ya koya, kuma tafiyar Tawa ta farko da ta biyu ka zauna kusa da shi, ku fita bayan asuba, ku isa da rana tsaka.

Shawarata kan kuɗin, kada ka zuba miliyan 15 ɗin duka a jikin mota. Ka tsaya wajen goma ko sha ɗaya har da takardu, ka ware miliyan ɗaya don tayoyi sababbi da batir da juye da inshorar shekarar farko, ragowar ka damƙa masa a matsayin jari ko kuɗin ƙarin horo, abin da zai riƙa zuba wa motar mai da shi. Ka zaunar da shi ka nuna masa wannan lissafin da kanka, mai masta ne, zai gane. In ka samu wadda ta kwanta maka, turo mini lambar jikinta da hotunan ƙarƙashinta ta saƙo, zan duba maka kafin ka biya. Allah ya sa a hau lafiya, a gaida Hajiya da yaron.