Kada ka kashe wa Windows sabuntawa, lokaci za ka zaɓa mata

Sani, ɗazu da safe ka tambaye ni ina tsakiyar kwance wata laftof, shi ya sa na ce ka bari sai an yi la'asar. Cewa ka yi, tunda kullum kwastomomi kuka suke yi Windows ta shanye musu data, ko ta tsaya tana juya ɗigo-ɗigo ta ƙi buɗewa, me zai hana mu riƙa kashe sabuntawar gaba ɗaya, kamar yadda ka ga ana yi a wasu shaguna, kowa ya huta? To jawo benci ka zauna.

Ni ba na kashewa, kai ma muddin kana shagon nan ba za ka kashe ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Lokacin da abin WannaCry ya faru kana firamare, ba za ka tuna ba. Ranar 12 ga Mayun 2017 wani mugun bairos ya bazu a ƙasashe sama da 150, yana kulle fayilolin mutane, ya ce sai an biya Dala 300 a Bitcoin kafin ya buɗe. Har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abin takaicin, ƙofar da ya bi ya shiga Microsoft ta riga ta toshe ta tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka karɓi facin, wato gyaran da ya toshe ƙofar, sun kwana lafiya, waɗanda suka bari sai gobe su ne suka ji a jikinsu. Idan ka kashe wa mutum sabuntawa, yau zai gode maka, amma ka bar masa gida ba ƙyaure, kuma a cikin kwamfutar nan yake shiga asusun bankinsa.

Abin da ke damun kwastoma ba sabuntawar ba ce, zuwanta ba sallama ne. Kuma tana da rana. Talata ta biyu a kowane wata Microsoft ke sakin facin tsaro, tun 2003 haka suke yi, a agogonmu yana faɗowa wajen magariba. Shi ya sa Laraba da Alhamis na wannan makon ka ga shago ya cika. Wannan na wata-wata shi ne dole. Akwai wani na ganin dama da ke fitowa kusa da ƙarshen wata, gwaji ne, ba na taɓa shi sai in akwai matsalar da na san shi ne maganinta. Sai babba, mai sauya sigar Windows ɗin kanta, irin su 23H2 da 24H2. Shi ne mai cin giga-giga, mai ɗaukar awanni, kuma shi ba na gaggawar sa. A 2018 an saki sigar 1809 ta Windows 10, ta goge wa wasu mutane fayiloli, sai da kamfanin ya janye ta. Tun daga nan nake barin wasu su fara taka ruwan, in ji zurfinsa daga bakinsu.

Maganar data kuwa, yawancin mutanenmu da waya suke haɗa kwamfuta, ita kuma Windows ta ɗauka intanet kamar ruwan famfo ne. Shiga Settings, ɓangaren Wi-Fi, buɗe sunan wayar mutumin, ka kunna Metered connection. Ka gaya mata ke nan wannan layin da kuɗi ake aunawa, sai ta riƙe manyan kayan, ta sauko da abin da ya zama tilas kaɗai. Ka lura, kowane layi da nasa saitin. Idan ya canja waya sai an sake. Sannan akwai dakatarwa, har mako biyar tana yarda. Ka cika masa Active hours da lokacin aikinsa don kada ta sake kunna kanta yana tsakiyar rubutu. Daga nan ka ce masa sau ɗaya a wata ya samu ranar da akwai wuta da wadatacciyar data, ko ya kawo ta nan mu yi masa.

Na ce wuta, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Ina shekara ta biyu a wajen maigidana, wani malamin makaranta ya kawo kwamfutar tebur, ta tsaya a kashi 30 cikin 100 da rubutun nan na kada a kashe. Na jira minti ashirin, na ga ba ta motsa ba, na danne makunnin. Ba ta ƙara tashi ba. Kwana biyu muka yi muna kwaso masa takardun jarrabawar ɗalibai daga had-disk, maigidana bai ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mari zafi. Ashe aiki take yi. A wannan lokacin tana cire tsofaffin fayilolin da take tsaye a kansu tana sa sababbi, kamar mai canja azarar ɗaki da rufi a kai. Lambar da ke kan allo ba abin dogaro ba ce, takan yi awa guda a wuri ɗaya sannan ta yi tsalle. Dubi ƙaramar fitilar had-disk in akwai: tana ƙyaftawa, rabu da ita. Tsohuwar na'ura mai had-disk mai juyawa da ram giga 4, ina ba ta awa biyu zuwa uku kafin in ce ta maƙale. Kuma waɗannan laftof na hannu da batirinsu ya mutu, da an zare caja sun ɗauke, ba a fara musu sabuntawa sai a kan inbata. Kwamfutar tebur kuma sai da UPS, akwatin batirin nan mai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Kada ka ce ai yanzu aka kawo wuta.

In ta tabbata ta maƙale, ko an riga an ɗauke wuta a kanta, kada hannunka ya tafi kan filashin fomat. Wannan aikin malalaci ne, kuma hotunan bikin mutane ne ke tafiya. Kunna ta, da tambarin Windows ya fito ka danne makunni ta mutu, ka maimaita, a karo na uku za ta shiga shuɗin allon gyaran kanta. Bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates, ka cire facin ƙarshe. Sau da yawa shi ke nan. Idan babbar sigar ce ta kawo rikici, akwai komawa ta baya, amma kwana 10 kawai ake da su, kuma da jakar Windows.old ake komawar. Na taɓa ganin ka za ka goge ta don samun wuri. Kada ka sake, sai an tabbatar komai na aiki, har firinta da sauti.

Wani tarkon shi ne BitLocker, makullin da Windows ke kulle ma'ajiyar kwamfuta da shi. Sababbin laftof da yawa suna zuwa a kulle mai su bai sani ba, sai bayan wata sabuntawar BIOS, manhajar da ke tayar da na'ura kafin Windows, allo ya nemi lambobi 48 na buɗe makullin. Suna cikin asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. In babu su, ni ma ba ni da dabara. Saboda haka tun kafin ka taɓa komai ka duba ko a kulle take, ka sa mai ita ya nemo lambar, ku kwafe muhimman fayiloli a gefe.

Wadda kuma ke buɗewa lafiya amma sabuntawa ta ƙi shiga, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Dubi kwanan wata. Idan ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon uwa ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, kwamfutar ba za ta yarda da takardar shaidar Microsoft ba. Na sha gyara wannan da batir ɗaya bayan wani ya ce sai an yi fomat. Sai wuri: lambar 0x80070070 ba ta nufin komai sai ma'ajiya ta cika. Rubuta lambar kuskure a littafi duk lokacin da ka gan ta, kada ka ce mini "wani ero ne ya fito". In waɗannan lafiya, wataƙila kayan da ta sauko da su ne suka lalace a hanya, abin da netwok ɗinmu ya saba jawowa. Buɗe Command Prompt, baƙar tagar rubuta umarni, da ikon admin, tsayar da wuauserv da bits, ayyukan da ke sauko da sabuntawa, da umarnin net stop, canja wa jakar SoftwareDistribution da ke cikin C:\Windows suna, ka sake kunna na'urar. Za ta gina sabuwa da kanta. Ka gaya wa mai ita za ta sake sauko da kaya daga farko, don kada ya ce mun cinye masa data. Idan har yanzu ta ƙi, sai ka rubuta a Command Prompt ɗin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, bayansa sfc /scannow. A jere haka, domin na biyun daga rumbun da na farkon ya gyara yake ɗebo fayiloli.

Saura abu ɗaya da za ka riƙa faɗa wa mutane ko ba su tambaya ba. Windows 10 ta daina samun facin kyauta na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025. Ƙarin wa'adin da aka buɗe wa masu kwamfutar gida sai an yi rajista, kuma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin na'ura, da injin Intel zubi na 8 zuwa sama, ko makamancinsa na AMD, alhali rabin abin da ke shigowa shagon nan zubi na 4 ne zuwa na 6. Na san ana tsallake sharaɗin da Rufus, manhajar da ake haɗa filashin sa Windows da ita, ni ma ina yi in mutum ya nace, amma sai na gaya masa kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan na'urar faci ba. Wanda intanet da rubutu kawai yake yi, na fi son in sa masa Linux Mint, wata manhaja da ke maye gurbin Windows.

Tashi ka ɗauko HP ɗin Hajiyar nan da aka kawo jiya. Jona ta a inbata, ka karanto mini kwanan watan da ke kanta da gigan da ya rage, kafin ka danna komai.