Amsa ga Malam: don me nas ke rubuta magani a asibitin ƙauye?

Malam, ka tambaya me ya sa a asibitin ƙauyenku kusa da Garwa ba ka ga likita ba, sai nas ce ta duba mahaifiyarka har ta rubuta magani. Ka kwantar da hankalinka, ba shisshigi ta yi ba.

A Kamaru, ƙaramar cibiyar lafiya da muke kira CSI galibi nas ne ke shugabantarta. Nas mai takardar shaidar gwamnati shekara 3 yake karatu, likita kuwa 7. Zazzaɓin cizon sauro, rigakafin yara, awon ciki, duk nasu ne, kuma a ganina hannunsu ya fi faɗawa a kai, tunda kullum shi suke gani. Haihuwa ta ungozoma ce, gwajin jini na mai ɗakin gwaji.

Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar tiyata ko haihuwar da ta zo da gardama, sai su rubuta takarda zuwa asibitin gunduma, daga can zuwa babban asibitin Garwa. Don Allah kada takardar nan ta ɓata (mutanenmu sai su naɗe goro da ita!), da ita likita ke sanin abin da aka riga aka ba Hajiya.

Allah ya ba ta lafiya.