Amsa ga Malam mai mota Fijo 404: kada ka ba kowa hannayen ƙofar nan tukuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce hannayen ƙofar 404 ɗinka da rubutun bayanta sun yi ƙuraje, bamba ta dushe, kana neman inda za a sake musu kurom, wato farin rufin ƙarfen nan mai ƙyalli, in babu kuma ka sayi gwangwanin fentin silba ka fesa ka huta. Wallahi da na buɗe hoton sai da gabana ya faɗi, don haka nawa suke sak kafin a hallaka min su. Don Allah ka zuba su a leda ka ajiye, kada ka ba kowa sai ka gama karanta wannan, ko da ya yi maka tsawo.

Abin da masu karɓar aikin nan ba sa gaya wa mutum shi ne, kurom ba ya toshe rami. Ƙyallin nan da muke so, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Aikin gaskiya yana ƙarƙashinsa: a fara da jan ƙarfe, a goge shi ya yi sumul, a ɗora nikel, sannan kurom ya zo a ƙarshe. Yawancin hasken ma na nikel ne, shi kurom hana shi dushewa yake yi, ya ba shi ɗan shuɗi-shuɗin nan. Duk ramin da aka bari a ƙasa sai ya fito a sama, har ya fi na da muni, tunda yanzu sheƙi yake yi.

Ni wani abokin aikina ne ya haɗa ni da mutumin da ya lalata min nawa, a Kano yake. Ba zan faɗi sunansa ko layinsu ba, Allah Ya isa dai na riga na yi. Ya nuna min hotunan salansar babura a wayarsa suna ta walƙiya, ya ce Alhaji ai naka ƙaramin aiki ne, mako biyu ka aiko a karɓa. Na ba shi hannayen ƙofa gaba ɗaya da rubutun baya, na biya rabin kuɗi. Daga nan aka shiga waƙa. Yau babu wuta, gobe kemikal bai iso daga Legas ba, jibi yaron da ya iya aikin ya tafi garinsu biki. Damina ta shigo ta fita. Ya daina ɗaga wayata, sai na kira da lambar matata yake ɗauka, da ya ji muryata ya ce sabis ba kyau. Ranar da na gaji na hau mota daga Bauchi na je da kaina, sai ya jawo wani tsohon bokitin fenti daga ƙarƙashin benci, ya zaro kayana a naɗe cikin takardar siminti.

Malam, ban gane su ba. Layin nan da ya bi bayan hannun daga farko zuwa ƙarshe, giranda ta cinye shi, hannun ya zama shafal. Bakin ramin da maɓallin dannawa yake zama ya faɗaɗa, maɓallin yana lilo a ciki. Na juya bayan ɗaya, inda ake ɗaura sukuru, na sa farce sai ya marmashe a hannuna, toka-toka. Rubutun 404 kuwa sifilin tsakiya ya karye, sun kai wa mai walda ya haɗa, ya narke ya dunƙule. Kuma a kan duk wannan ɓarnar sun ɗora wani kurom mai duhu wanda ya fara tashi a gefe tun bai ga rana ba. Ka san abin da ya ce min? Wai kayana ne ruɓaɓɓu, shi ya yi iya ƙoƙarinsa, in cika masa sauran kuɗinsa. A gaban yaransa ya faɗa, suna dariya ƙasa-ƙasa. Motar nan ta mahaifinmu ce, Allah Ya jiƙansa. Da ita yake kai mu Ningi hutun makaranta. Hannun ƙofar direba nan, inda kurom ya ɗan siɗe a ƙasa, babban yatsansa ne ya siɗe shi shekara da shekaru. Shi wannan bawan Allah ya ɗora wa giranda. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Maƙwabtan shagonsa suka taru suna ba ni haƙuri, shi ko kallona bai yi ba, yana ta danna waya.

Daga baya wani dattijo da ya taɓa aikin nan a masana'anta a Kaduna ya kalli gawar kayan ya warware min. Hannayen nan ba baƙin ƙarfe ba ne irin na salansa. Zubi ne, sunansa zamak, tutiya ce aka gauraya da ɗan alminiyam da maganiziyam da jan ƙarfe. Asid ɗin da ake cire tsohon kurom da shi daga jikin baƙin ƙarfe, in ya samu tutiya cinye ta yake yi. Kuma zamak yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, alhali harshen wutar walda ta gas ya haura 3,000. To ka ga yadda sifilina ya tafi.

Yadda ake yi da gaske, in ji shi, bayan an cire tsohon rufin a hankali sai a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ɗan siririn abin huda, kamar yadda likita yake ƙwaƙule ruɓaɓɓen haƙori kafin ya cike shi, har a kai ga ƙarfe mai tsabta. In aka bar farin garin nan a cikin rami ko kaɗan, zai ci gaba da ci a ƙasa ya kumburo sabon kurom. Sannan a yi masa shafen jan ƙarfe na farko a ruwan da ba asid ba, a cike ramukan da dalma, a goge, a ƙara jan ƙarfe mai kauri, a sake gogewa, wani lokaci a maimaita, sannan nikel, sannan kurom. Aikin hannu ne mai cin rai. Shi ya sa duk wanda ya kalli hannu mai ƙuraje irin naka ya yanka maka kuɗi kaɗan nan take, ka karɓi kayanka ka yi gaba.

Ni a nan Bauchi ban ga mai tankin yin wannan ba, masu goge ƙarfe da masu fenti ne muke da su. Duk inda aka kwatanta maka, ka je da ƙafarka. Ka ce ya nuna maka tankin jan ƙarfe da na nikel. Ka tambaye shi da me zai cire tsohon kurom a jikin tutiya, in ya tsaya inda-inda ka san amsar. Kada ya nuna maka salansa, ya nuna maka hannun ƙofa ko tambarin da ya gyara. Kuma guda ɗaya za ka ba shi, wanda ya fi lalacewa, sai ka ga sakamako. Ka cire makulli da sifirin da duk ƙananan abubuwan ciki ka bar su a gida, ka ɗauki hoton gaba da baya, ka ce a rufe zaren sukuru don kada rufin ya cike shi ya ƙi ɗauruwa.

Bambarka kuma, kafin ka kashe ko sisi, leƙa bayanta. Tawa sitenles ce, haka duk 404 da na taɓa shafawa. In bayan fari ne ba tsatsa, to ba ta buƙatar kurom sam, gogewa kawai take so. In akwai lotsawa, mai bugun mota ya fito da ita ta baya da guntun katako, ba da guduma tsirara ba. Sai samfefa da ruwa, ka fara da mai lamba 400, ka hau 800, 1200, har 2000, sannan ƙyalle a kan inji da sabulun goge ƙarfe. Wani yaro a wajen Railway ya yi min tawa ina zaune a kansa, har fuskata nake gani a jiki. Kada dai ka bari a sa mata burushin waya na baƙin ƙarfe, yana barin ɓurɓushi, da ruwa ya taɓa sai ka ga jan ɗigo-ɗigo ka zaci bambar ce ta yi tsatsa. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu kuma: zamak da alminiyam ba sa kama shi, baƙin ƙarfe yana kamawa. Sitenles ne kawai ba a yanke masa hukunci da shi, wani yana kamawa wani ba ya yi.

Abin da ke ƙona min rai ma, kayan nan da muke wahala a kansu 'yan jari-bola suna aunawa a kilo. An daina yin salun ɗin 404 a Faransa tun 1975, amma a Kenya an ci gaba da haɗa 404 har 1991, kuma akori-kurarta ta yi wa ƙauyukanmu bauta, ba wadda ba ta ɗauka ba daga buhun gyaɗa zuwa amarya. Yanzu ka bi hanyar Dass ko Alkaleri, inda da kake ganin gawarta a bayan gida, sai filin. An sare an loda a tirela. Ni da na ga irinta nake tsayawa in yi sallama. Mu nan Allah Ya taimake mu da busasshiyar iska, kayan da suka tsufa a nan sun fi waɗanda suka sha iskar teku a Legas ko Fatakwal lafiya nesa ba kusa ba. Sayen hannun ƙofa na hannu mai ƙuraje biyu-uku ya fi maka sauƙi a kan gyaran naka. Ka sa a duba maka Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ka ba da naka a tafi da shi a gwada, kada a sayo maka da ka. Masu wankin mota su ma suna da nasu laifin, omo da soson buhu suke dirza wa kurom, ko su share ƙurar hunturu a bushe, ita kuwa yashi ce.

Fentin gwangwani, to, in bikin ƙanwarka ne ranar Asabar kana so motar ta fita a hoto, fesa. Amma hannun ƙofa abin taɓawa ne kullum, ba a daɗewa yake komawa toka, in ka ɗora masa kiliya, fentin saman nan marar launi, ma a take hasken yake mutuwa. Wani a nan ya ce maka ana iya haɗa ruwan kurom a gida da batir. Ina roƙonka da girman Allah ka bar wannan. Asid ɗin kurom yana jawo ciwon daji, tururinsa yana cin cikin hanci, ruwan jan ƙarfen farko kuma galibi sayanaid ne a ciki, guba mai kisa nan take. Ina za ka zubar da shi, a gidan da akwai rijiya da yara?

Abin da yake baƙin ƙarfe ne mai kurom, in tsatsar sama-sama ce, ka dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci ka jiƙa da ruwa ka goga a hankali, ka busar, ka shafa folish mai kakin zuma. Ba zai mayar da abin da ya tafi ba amma zai tsayar da ci.

Ka turo hoton bayan hannayen da na cikin bambar in gani, da haske sosai. Sannan jama'a, har yanzu ina neman hannun ƙofar baya na hagu, da igiya nake jawo ta ta ciki. Wanda yake da shi ko ya san inda yake ya yi min magana ta gefe, ko da ƙuraje a jikinsa zan saya.